TUTA: ƘYALLEN DA YAKE MAGANA

Daga Malamin Tarihi da Labarin Ƙasa

Gabatarwa

Kowace safiya, in an buga ƙararrawa, mukan taru a filin makaranta mu yi layi aji aji. Ɗalibi ɗaya ya kama igiya ya ja tuta sama a hankali, mu kuwa mu tsaya cik mu rera taken ƙasa. Mun yi wannan har ya zame mana jiki. To, ran nan sai na shiga aji uku na ƙaramar sakandare, na ce kowa ya rufe littafinsa, ya zana mini tutar Nijeriya da ta Nijar. Ta Nijeriya kusan kowa ya samu, ko da yake akwai waɗanda suka kwantar da layukanta maimakon su tsai da su. Ta Nijar kuwa, wadda take kaɗawa a bakin iyaka bayan Maigatari, tafiyar da ba ta kai awa guda a mota daga nan Gumel ba, 'yan kaɗan ne suka samu. Da na tambaya ko wane ne ya zana tamu, sai aji ya yi tsit.

Ban ga laifin yaran ba. Mu malamai ne muka koya musu tsayawa a gaban tuta, ba mu koya musu karanta ta ba. Shi ya sa na ga ya dace in yi amfani da wannan fili na mujallarmu ta shekara domin mu yi nazari tare. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne: tuta magana ce. Duk wanda ya ɗaga ta ya faɗa wa duniya ko shi na wane ne, ko ya san abin da ya faɗa ko bai sani ba.

Ilmin tutoci

Nazarin tutoci fanni ne na ilmi mai zaman kansa. Masana suna kiransa beksiloloji, daga wata kalma ta harshen Latin, sunan ƙaramar tutar da sojojin Roma suke ɗauka. Wani Ba'amurke mai suna Whitney Smith ne ya ƙirƙiro sunan a wajen 1957, yana saurayi. Mu dai a Hausance sai mu ce ilmin tutoci. Mai wannan ilmi yakan yi wa kowace tuta tambaya uku: wa ya yi ta kuma yaushe, me launukanta da alamunta suke nufi, kuma da waɗanne tutoci take da dangantaka.

Tuta tana da sassa. Akwai gefen sanda, wanda ake ɗaure wa igiya. Akwai gefen iska, wanda yake kaɗawa, shi ne kuma yake fara yagewa in hunturu ya taso. Akwai fili, watau launin da ya mamaye jikinta. Akwai kuma kusurwar sama ta wajen sanda, wadda ita ce wurin girma, domin ko iska ta kwanta ita ce ido yake iya gani.

Tuta tsohuwar aba ce. Masu karanta Littafi Mai Tsarki za su tuna cewa a sura ta biyu ta Littafin Ƙidaya, Isra'ilawa sun yi zango a jeji kowa a ƙarƙashin tutar ƙungiyarsa, kewaye da alfarwa ta sujada: Yahuza a gabas, Ra'ubainu a kudu, Ifraimu a yamma, Dan a arewa. Tun a wancan zamani aikin tuta shi ne ta nuna wa mutum inda 'yan'uwansa suke da inda ya kamata ya tsaya.

Tuta a ƙasar Hausa

Ba Turawa ne suka kawo mana tuta ba. Da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya tashi a 1804, malamai da shugabannin jama'a daga wurare dabam-dabam suka je suka karɓo tuta. Daga cikinsu akwai Sulaimanu na Kano, da Ummarun Dallaje na Katsina, da Malam Musa na Zazzau, da Malam Isiyaku na Daura, da Yakubu na Bauci, da Buba Yero na Gwambe, da Modibbo Adama wanda Adamawa ta ci sunansa, da Malam Zaki na Katagum. A Haɗeja maƙwabciyarmu, Umaru da ɗan'uwansa Sambo ne suka jagoranci al'amarin.

Karɓar tuta ba ƙaramin abu ba ne. Wanda aka ba shi ya sami izinin tara mayaƙa da yin mulki a ƙasar da ya ci, amma kuma ya ɗauki alkawarin biyayya ga wanda ya ba shi. Watau tutar nan takardar naɗi ce da aka rubuta a kan ƙyalle. Har yau in ana jera masarautun Daular Sakkwato, akan ce wane ne ya karɓo wa wannan ƙasa tuta.

A nan ne tarihin Gumel ya sha bamban. An kafa masarautar a wajen 1750, ƙarƙashin Ɗanjuma da jama'arsa Mangawa, ta kuma kasance tana bin Barno. Jihadi ya zo ya wuce, Gumel ba ta shiga Daular Sakkwato ba, ba ta kuma karɓi tutarta ba. A 1845 aka dawo da gidan sarauta daga Tumbi, wadda yanzu take cikin Nijar, zuwa inda garin yake a yau. Zama a tsakanin Kano da Haɗeja da Damagaram bai zo wa mutanen Lautai da sauƙi ba. An sha gwabza yaƙi, har Sarki Abdullahi ya rasu a fagen fama a 1872. Ga darasi a nan: rashin karɓar tuta ma magana ce. Ta faɗa wa maƙwabta cewa wannan ƙasa fuskarta tana kallon gabas ne, ba yamma ba.

In ana so a ga nauyin tuta a zuciyar mutanen da, sai a dubi 1903. Ran 15 ga Maris sojojin Ingila suka auka wa Sakkwato. Da rundunar Sarkin Musulmi Attahiru ta watse, waɗansu mutane suka ƙi gudu, suka tsaya kewaye da tuta har aka harbe su. A watan Yuli na wannan shekara Attahiru ya rasu a yaƙin Burmi, tutar ta faɗa hannun Turawa, sai a 1960 aka mayar da ita Sakkwato. Ba domin tsadar yadi waɗannan mutane suka ba da ransu ba. Alkawarin da ke ɗaure a jikin tutar suka tsaya wa. Harshenmu ma ya adana wannan daraja, gama in ɗalibi ya fi kowa a jarrabawa mukan ce ya ciri tuta.

Tutar Nijeriya

Daga 1914, da aka haɗe Arewa da Kudu, zuwa 1960, tutar Nijeriya shuɗiya ce. A kusurwarta ta sama akwai tutar Birtaniya, a gefen iska kuma akwai jan da'ira mai koren tauraro mai tsini shida, da kambin sarautar Ingila a tsakiya. Iyayenmu da suka ga tsofaffin kwabo da anini masu huji sun san irin wannan tauraro. Duk wanda ya iya karanta tuta, da ya dubi kusurwar sama ya san wa yake da ƙasar.

Da samun mulkin kai ya ƙarato, gwamnati ta sa gasar zana sabuwar tuta. Aka aiko da zane fiye da dubu biyu. A 1959 aka zaɓi na Michael Taiwo Akinkunmi, saurayi ɗan shekara 23, wanda yake karatun aikin lantarki a Landan. Aka ba shi ladan fam 100. Zanensa na asali yana da jar rana a tsakiyar farin, amma alƙalan gasar suka cire ta, suka bar layuka uku a tsaye: kore, fari, kore. Koren yana nufin noma da albarkar ƙasa, farin kuwa salama da haɗin kai. Da tsakar daren da ya wayi 1 ga Oktoba 1960, a filin sukuwa na Legas, wanda yanzu ake kira Dandalin Tafawa Balewa, aka sauke tutar Birtaniya aka ɗaga wannan. Akinkunmi ya zauna a Ibadan, ya rasu ran 29 ga Agusta 2023 yana da shekara 87.

Tana da ma'auni. Tsawonta ninki biyu ne na faɗinta, layukan uku kuma daidai suke da juna. In tela zai ɗinka mai faɗin santimita 90, tsawonta zai zama 180, kowane layi ya sami 60. Ba a rubutu a kanta, ba a kuma sa mata wani hoto.

A lura da wani abu. Ƙasarmu tana da Musulmi da Kirista da masu bin al'adun gargajiya, da harsuna ɗaruruwa. Tutarmu ba ta ɗauki gicciye ba, ba ta ɗauki jinjirin wata ba, ba ta ɗauki alamar wata kabila ba. Ta ɗauki gona da zaman lafiya, abubuwa biyu da manomin gero a Sule Tankarkar da manomin doya a Binuwai suke roƙo kowace shekara. Jikokin waɗanda suka karɓi tutar Shehu da jikokin waɗanda suka ƙi karɓa, yau duk a ƙarƙashinta muke.

Tutar maƙwabtanmu

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Maigatari ran Alhamis ya ga 'yan'uwanmu na Nijar sun shigo da shanu da raƙuma da tumaki. Harshenmu ɗaya, da yawa ma dangi ne, amma tutarsu dabam. An amince da ita ran 23 ga Nuwamba 1959, kafin ƙasar ta sami mulkin kai ran 3 ga Agusta 1960. Layukanta uku a kwance suke: ruwan goro a sama, fari a tsakiya, kore a ƙasa, da da'ira mai ruwan goro a tsakiyar farin. Akan fassara ruwan goron da hamadar arewa, koren da ƙasar noma ta kudu, da'irar kuma da rana. In ka dube ta da kyau, kamar taswirar ƙasar ce aka rataya a sanda: rairayi a sama, shuka a ƙasa.

Rabe-raben tutoci

Ana iya raba tutoci ta hanyar aikinsu. Akwai tutar ƙasa. Akwai ta soja da ta 'yan sanda. Akwai ta ƙungiyoyin ƙasashe, kamar shuɗiyar tutar Majalisar Ɗinkin Duniya. Akwai ta jam'iyyun siyasa, da ta makarantu, da ta ƙungiyoyi irin su Boys' Brigade da Girls' Brigade, waɗanda muke gani a maci ran bikin ikkilisiya. Akwai kuma tutar ishara, wadda umarni take bayarwa. Mutanen Gagarawa, inda layin dogo na Kano zuwa Nguru ya ratsa, sun san cewa a aikin jirgin ƙasa jar tuta tsayawa ce, koriya kuma wucewa. Mataimakin alƙalin wasa a filin ƙwallo ma da tuta yake magana. Farar tuta a fagen yaƙi neman sulhu ce. Jan gicciye a kan farin fili, wanda aka amince da shi a Janeba a 1864, da jan jinjirin wata da ya biyo baya, suna cewa: masu jinya ne, kada a taɓa su.

Ana kuma raba tutocin ƙasashe ta hanyar zane, kuma a nan ne ake ganin suna da dangi kamar mutane.

1. Masu layi uku a tsaye. Tutar Faransa, shuɗi da fari da ja, ita ce ta yaɗa wannan tsari. Chadi, Mali, Gini, Senegal, Kamaru da Kwaddibuwa duk haka tasu take. Tamu ma a wannan layi take.

2. Masu layuka a kwance, kamar ta Nijar, Gana, Saliyo, Holan da Rasha.

3. Masu gicciye. Ta Denmark, farin gicciye a kan jan fili, ita ce ake ɗauka mafi tsufa cikin tutocin ƙasa da har yanzu ake amfani da su. Siwidin, Norwe, Finlan da Aislan sun bi sawunta. Ta Birtaniya kuwa gicciye uku ne aka haɗa, ta ɗauki kamanninta na yanzu a 1801.

4. Masu jinjirin wata da tauraro, kamar ta Turkiyya, Tunisiya, Aljeriya, Muritaniya da Pakistan.

5. Masu alama a kusurwa. Ta Amurka tana da layuka 13 da taurari 50. Laberiya, wadda baƙaƙen fata da suka dawo daga Amurka suka kafa, ta kwaikwaye ta da layuka 11 da tauraro ɗaya.

Launi ma yana nuna dangantaka. Habasha ta ci Italiya da yaƙi a Adwa a 1896, ta tsira da 'yancinta, saboda haka launukanta, kore da rawaya da ja, suka zama abin alfahari ga Afirka. Da Gana ta sami mulkin kai ran 6 ga Maris 1957, ta ɗauke su ta ƙara baƙin tauraro. Wata malamar makaranta, Theodosia Okoh, ita ta zana ta. 'Yan mata, ku ji wannan. Daga nan ƙasashe da dama suka bi.

Kama da wane ba wane ba ne. Tutar Mali kore, rawaya, ja ce daga gefen sanda; ta Gini ja, rawaya, kore. Ta Chadi da ta Romaniya da ƙyar ake bambanta su. Ta Kwaddibuwa in aka juya ta sai ta koma kamar ta Ailan. Akwai kuma waɗanda suka fita dabam: ta Suwizalan da ta Batikan murabba'i ne, ta Nefal kuwa ba ta da kusurwa huɗu kamar sauran, alwatika biyu ce ɗaya a kan ɗaya. Ta Saudiyya tana ɗauke da Kalmar Shahada, shi ya sa ba a sauke ta zuwa rabin sanda ko da an yi babban rashi.

Yadda ake zana tuta mai kyau

Masana sun tara waɗansu ƙa'idodi, waɗanda za su amfane mu in za mu yi wa gidajen wasanni na makaranta ko wata ƙungiya tuta. Ta zama mai sauƙi, har yaro ya iya zana ta da ka. Kowane launi ya zama da ma'ana. Kada launukan su wuce biyu ko uku, kuma su bambanta sosai, mai haske kusa da mai duhu. A guji rubutu, domin daga nesa ba a karanta shi, ta baya kuma a juye yake fitowa. A ƙarshe, kada ta yi kama da ta wani har a ruɗe. In muka auna tutar Nijeriya da wannan mudu, za mu ga cire jar ranar nan bai rage ta da kome ba.

Ladabin tuta

Akan ɗaga ta da safe a sauke ta da yamma. Ba a barinta ta taɓa ƙasa. In an jera ta da tutar jiha ko ta makaranta, ita ce take samun wurin girma, ba a ɗaga wata sama da ita. In ƙasa tana makoki akan kai ta har ƙarshen sanda tukuna, sa'an nan a sauko da ita zuwa rabi. Dokar tuta ta 1960 ta hana a ɗaga ta in ta lalace ko ta ɓaci. Nan kam sai mu yi wa kanmu faɗa. Na sha ganin tuta a ƙofar makarantu da ofisoshi, rana ta cinye koren, ƙura ta mai da farin ja, iska ta mai da gefenta tsumma. Kuɗin yadi da ɗinki bai kai abin da ake kashewa a biki ɗaya ba.

Girmama tuta ba sujada ba ce. Ga Allah kaɗai muke durƙusawa. Tsayawar da muke yi a gabanta girmama ƙasa ce da maƙwabtan da muke zaune tare da su a cikinta.

Abin da ya faru a 2024

Wani zai ce, Malam, duk wannan na cin jarrabawa ne kawai. To, a saurara. Tutar Rasha fari ce a sama, shuɗi a tsakiya, ja a ƙasa. Launukanta su ne na Faransa, jeri ne ya bambanta. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, an ga masu zanga-zanga a Yamai suna ƙona ɗaya suna ɗaga ɗaya. A watan Agusta 2024, da aka yi zanga-zangar tsadar rayuwa a Nijeriya, sai ga tutar Rasha a hannun matasa a Kano da Kaduna da waɗansu garuruwan Arewa. Hukumomin tsaro suka ce wannan cin amanar ƙasa ne. Aka kama mutane, har da teloli da ake zargi da ɗinka ta. Ran 1 ga Nuwamba aka gurfanar da waɗansu daga cikin waɗanda aka kama lokacin zanga-zangar a gaban Babbar Kotun Tarayya a Abuja, cikinsu da yara ƙanana da suka yi kusan wata uku a tsare. Waɗansu suka yanke jiki suka faɗi a kotu. Jama'a suka yi ta kuka, bayan 'yan kwanaki Shugaban Ƙasa ya ba da umarni a saki yaran.

Ba zan yi shari'ar wannan al'amari a nan ba. Yunwar da ta fitar da mutane gaskiya ce, kuma ba wanda ya ga hotunan yaran nan zuciyarsa ba ta karaya ba. Amma ni malami ne, kuma shekarun waɗansunsu ɗaya da na ɗalibaina. Tambayar da ta hana ni barci ita ce: in wani ya miƙa wa ɗana ƙyalle a kan sanda cikin taro, zai san na wace ƙasa ne? Zai san abin da hukuma za ta karanta a jikinsa? Mai miƙawa ya koma gida, mai riƙewa ne ake ɗauka a hoto.

Kammalawa

Ɗalibaina, musamman ku da kuke barinmu bana, za ku shiga duniyar da kowa yake neman wanda zai riƙe masa tuta: 'yan siyasa, ƙungiyoyi, har da waɗanda ba za su faɗa muku sunansu ba. Mutanen da ba su karɓi tuta da wasa ba. Sun san wa ya ba su, sun san alkawarin da suka ɗauka, waɗansu kuma, kamar sarakunan Gumel, sun san dalilin da ya sa suka ƙi. Ku ma kafin ku miƙa hannu ku tambaya: ta wace ce, me take cewa, kuma na yarda da abin da take cewa? Wadda kuka riga kuka sani kuwa, koriya da fara, ku riƙe ta da tsabta, ku yi aikin da zai sa ma'anarta ta zama gaskiya a garinku. Allah ya ba ƙasarmu salama da damina mai albarka. Amin.

Tambayoyi domin nazari

1. Me karɓar tuta yake nufi a zamanin jihadi, kuma me ya bambanta Gumel da Haɗeja a wannan?
2. Tela yana da yadi mai faɗin santimita 60. Nawa ne tsawon tutar Nijeriya da zai ɗinka, nawa ne kuma rabon kowane layi?
3. Zana tutocin Nijar, Chadi, Kamaru da Binin ba tare da duba littafi ba, sa'an nan ka gwada da taswira.
4. Zana wa ajinku tuta mai launi biyu ko uku, ka bayyana ma'anar kowanne.